Garin da ke iya taruwa da dare

Kowane rukuni na mutane yana da ma'aunin da yake gane zaman lafiya da shi. Ma'aikacin gwamnati yana duba rahoton da jandarmomi suka aika wa perefe, ya ƙirga hare-hare, in sun ragu ya rubuta cewa al'amura sun daidaita. Ɗan kasuwa kuwa ba ya jiran rahoto. Shi yana duba ko direban kamiyo zai yarda ya taso bayan magariba, da kuma ko mutanen ƙauye sun koro dabbobi ranar kasuwa ko sun bar su gida don tsoron hanya. Ma'aunan nan biyu duk masu kyau ne. Amma akwai na uku wanda ba a ajiye shi cikin kowane ofishi, shi ne ko mutanen gari suna iya taruwa a fili da dare, maza da mata da yara, don su saurari kiɗa kawai su koma gida lafiya. A ganina wannan ma'auni ya fi sauran wuyar yi wa ƙarya, domin ana iya gyara rahoto, ana iya tilasta wa direba, amma babu mai iya tilasta wa uwa ta fito da ɗanta goye cikin dare in zuciyarta ba ta kwanta ba.

Gundumar Gidan Rumji, da kominoninta biyar, wato Gidan Rumji da Tsibiri da Gidan Sori da Cadakori da Saye Sabuwa, ta haura mutum rabin miliyan tun ƙidayar 2012. Ƙasa ce ta hatsi da wake da gyaɗa, kuma babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Damagaram ta ratsa ta cikinta. Amma tun wajen 2019, da ɓarayin daji suka fara koro dubun-dubatar mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa wannan gefe na iyaka, su ma kuma suka riƙa tsallakowa suna kore shanu suna sace mutane don kuɗin fansa, dare ya sake ma'ana a ƙauyukanmu na kudu. Hausawa sun ce dare mahutar bawa. To, a wurare da yawa ya zama lokacin da maigida ke kwana zaune. Ina so in yi magana kan abin da muka rasa da dare ya kuɓuce mana, amma zan bi ta hanya mai nisa, ta Agadas, domin can ne na taɓa ganin ranar da wani gari ya karɓo darensa, kuma da kiɗan gitar ya karɓo shi.

Ga wanda bai saba ba, kiɗan da Turawa ke kira rok an haife shi a Amurka cikin shekarun 1950, daga waƙoƙin baƙar fatar ƙasar. Kayan aikinsa ba su da yawa: gitar mai aiki da lantarki, da babbar gitar mai kaurin murya da ake kira bas, da jerin ganguna da mutum ɗaya ke kaɗawa da hannu da ƙafa, sai lasifikoki masu ƙara. Ƙarar nan ce ta fitar da shi daga ɗaki zuwa fili. A watan Agusta na 1969, a wata gona cikin jihar Niyok, mutane wajen dubu 400 suka kwana uku suna sauraren makaɗa a bikin da aka sani da Woodstock, kuma wanda ya rufe taron shi ne Jimi Hendrix, baƙar fata, bahago, wanda har yau masu gitar ke koyi da hannunsa.

Yadda wannan kiɗa ya iso mana kuwa, fari ne ya share masa hanya. Bayan yunwar 1973 da ta 1984, samarin Abzinawa na Nijar da Mali da dabbobinsu suka ƙare sun bazu cikin Aljeriya da Libiya neman aiki. Aka riƙa kiransu ishumar, kalmar da aka samo daga Faransanci, chômeur, wato marar aiki. Can suka ɗauki gitar, suka ɗora mata karin waƙoƙin iyayensu da bugun tande, turmin da matansu ke rufewa da fata su kaɗa. A Mali aka samu ƙungiyar Tinariwen, a Nijar aka samu Abdallah Oumbadougou, wanda kaset-kaset ɗinsa suka yi ta yawo hannu da hannu a lokacin tawayen farko, wanda ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Da tawaye na biyu ya tashi a watan Fabrairu na 2007, hukumomin lokacin suka ɗauki gitar a matsayin alamar tawaye a arewa. An kashe biyu daga abokan kiɗan wani saurayi mai suna Omara Moctar, wanda aka fi sani da Bombino, shi kuma ya tsere zuwa Burkina Faso. A 2009 aka ajiye makamai. A watan Janairu na 2010 ya komo gida, kuma da izinin Sarkin Abzin aka shirya masa wasa a gindin babban masallacin Agadas.

Ni a lokacin ban daɗe da gama lise a Maraɗi ba, ina zaman jira, sai kawuna, wanda ke kai hatsi da atamfa Agadas ya komo da dabino da kantun gishiri, ya ce in raka shi in riƙe masa littafin lissafi. Muka bar Gidan Rumji da asuba, muka bi ta Madawa da Galmi da Malbaza, muka karya arewa a Tsarnawa, muka kwana Tawa, washegari muka ratsa Abalak. Ban je don kiɗa ba. A rumfar mai masaukinmu na ji yara suna ta faɗin cewa za a yi gitar a bakin masallaci, su kuma manya suna tambayar juna ko da gaske ne an yarda.

Wanda ya san Agadas ya san wurin. Hasumiyar masallacin, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka sake ta a 1844, ta ƙasa ce zalla, tsawonta mita 27, itatuwa sun fito daga jikinta ta kowane gefe. Mun yi salla a ciki, muka fito muka tarar an shimfiɗa dardumai, an ja wayoyi, an jera lasifikoki. Lokacin ɗari ne, irin ɗarin arewa mai shiga ƙashi, kowa ya naɗe kansa. Abin da na fara lura da shi, mutane ba su zo gaba ɗaya ba. Sun riƙa fitowa kaɗan-kaɗan daga lunguna, suna tsayawa nesa, jikin katangu, kamar masu jiran a ce a watse. Yara ne suka fara matsawa, kamar yadda suka saba. Sa'an nan mata cikin baƙaƙen mayafai, sa'an nan dattawa masu rawani da suka zauna gefe guda ba su cewa komai.

Da aka fara, a hankali aka fara. Ni da na taso da kalangu da gurmi, kunnena bai ji baƙon abu ba, domin ginin kiɗan irin namu ne: gajeren kari ɗaya ana ta maimaita shi, mai waƙa ya bayar, ƴan amshi su karɓa, tafi yana riƙe da lokaci. Bambancin shi ne lantarki. Tsirkiya ɗaya in ya taɓa ta, muryarta ba ta mutuwa nan da nan kamar ta gurmi, sai ta miƙe, ta yi kuka, ta bugi katangar masallaci ta komo. Sannu-sannu mai ganguna ya riƙa ƙara sauri, bas tana bugun mutum a ƙirji, har aka kai inda ba ka iya jin maganar na kusa da kai. Nan ne masu tsayuwa jikin katanga suka bar katanga. Samari suka shiga fili biyu-biyu, suna jefa hannuwan riguna sama, mata suna guɗa, ƙura ta tashi ta haɗu da hasken fitilu har hasumiyar ta zama kamar tana cikin hazo. An ce mutanen sun haura dubu. Ni dai abin da zan iya shaida shi ne, na ga Hausawa ƴan kasuwa, na ga Fulani, na ga Larabawa, na ga ma'aikata ƴan kudu da aka turo aiki, kuma mafi yawanmu ba mu jin Tamajak, amma babu wanda ya nemi tafinta.

Kawu ya ce mini zai tsaya minti goma ya tafi ya kwanta. Da aka tashi na same shi inda na bar shi, ya harɗe hannuwa cikin babbar riga. Na ce masa: "Kawu, ashe ba ka tafi ba?" Ya ce: "Ban tafi ba, ɗana. Ni ban ji abin da yaron ga ke faɗi ba, kuma ƙarar ta yi mini yawa. Mutane na tsaya kallo. Shekara biyu ke nan ina zuwa garin ga, kowa tafiya yake yana waiwaye. Yau ban ga mai waiwaye ba." Washegari ya sa na buɗe littafi, ya bar wa abokan cinikinsa biyu kaya bashi, abin da ya daina yi tun farkon rikici, kuma a tafiya ta gaba ya ninka lodi. Ban taɓa jin ya ambaci sunan makaɗin ba har ya bar fatauci. Amma hukuncin da ya yanke kan dukiyarsa, a filin nan ya yanke shi.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Wani Ba'amurke mai shirya fim, Ron Wyman, ya ɗauki wasan cikin fim ɗinsa kan Agadas. Bombino ya fitar da faifan Agadez a 2011, da Nomad a 2013, kuma da faifan Deran na 2018 ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin jerin masu neman kyautar Grammy. Bayansa ga Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, shi ma bahago, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da wayoyin birkin keke. Mu mutanen Gobir ya kamata mu lura cewa faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da salon muryar waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta katin wayar salula ya bazu kafin wani kamfani ya san da shi. A Yamai ga Tal National, mai waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak, wadda jagoranta ma'aikacin kotu ne. A manyan filayen Turai da Amurka, dubban mutanen da ba su taɓa jin sunan yuraniyom na Arlit ko albasar Galmi ba, ta wannan gitar suka san akwai ƙasa mai suna Nijar.

Ma'aunin yana aiki ta ɗaya gefen ma. A Mali, bikin kiɗa na hamada da aka fara a 2001, wanda ya riƙa tara makaɗa da baƙi daga ko'ina cikin duniya a yankin Tumbutu, an yi na ƙarshensa a can a watan Janairu na 2012. Cikin ƴan watanni masu bindiga suka kama arewacin ƙasar suka hana kiɗa. Da filin ya mutu, masu masauki da masu raƙuma da maƙera da masu sayar da abinci duk suka bi shi.

Yanzu mu komo gida. Kada wani ya ce taron kiɗa a fili al'adar Abzinawa ce ko ta Turawa. Kowane ƙauye na Gobir da Katsinar Maraɗi yana da dandali, kuma iyayenmu suna ba da labarin daren farin wata bayan kaka, lokacin da kalangu ke kiran ƴan mata daga ƙauyuka uku. A zamanin Janar Seini Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ta mayar da wannan al'ada aikin hukuma, da gasa tsakanin unguwanni da gundumomi. Daga 1987 gasar Ɗan Gurmu ta ba makaɗan zamani fagen gwada kansu. Kuma Maraɗi ta haifi Sa'adu Bori, wanda ya ɗauki kare-karen gargajiya na ƙasar nan ya ɗora su kan gitar da ganguna na zamani, ya fitar da faifan Niamey Twice tare da Moussa Poussy a 1994, kafin hatsarin mota ya ɗauke shi a 2008. Abin da Bombino ya yi da tande, ɗan Maraɗi ya riga ya yi shi da kiɗan gida. Tambayar ita ce, yaron da ke da irin wannan baiwa yau a Gidan Sori ko Cadakori, ina zai tsaya a ji shi?

Abubuwa uku suka cinye dandali, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa ɗaya laifin duka. Na farko tsoro, wanda na ambata. Na biyu wayar salula: samari goma na zaune a fada ɗaya, tukunyar shayi ɗaya, amma kowa da waƙarsa cikin kunnensa. Na uku shi ne ƙyamar da malamai da iyaye da yawa ke yi wa taron dare, kuma wannan ba abin rainawa ba ne. Sun ga abin da bal ke jawowa na giya da ƙwaya da lalacewar ƴan mata, kuma Maraɗi ba ta manta watan Nuwamba na 2000 ba, lokacin da zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta kai ga ƙona mashaya da wasu gidaje a cikin gari. Amma abin da ake ƙi a bal, duhu ne da katanga da rashin manya. Wasan Agadas an yi shi a tsakiyar gari, da izinin sarki, dattawa na zaune, iyaye mata na kallo. Yaron da ke rawa gaban kawunsa ya fi wanda ke bayan gari cikin kango sauƙin tsarewa. Kuma ya kamata mu tuna cewa masu ɗaukar samari aikin daji, cikin marasa aiki da marasa wurin zuwa suke zaɓe.

Na san za a ce mini: ana sace mutane, kai kana zancen gitar? Tambaya ce mai nauyi. Kiɗa ba ya korar ɓarawo, kuma wasan Agadas bai kawo sulhu ba, bayan sulhu ya zo. Ba na kiran kowa ya kafa lasifika a ƙauyen bakin iyaka inda ko noma ake yi da fargaba. Amma garin Gidan Rumji da garin Tsibiri suna kan kwalta, suna da jami'an tsaro, kuma ƙasar nan ta san yadda ake tsare taro. Tun 1975, da aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauko takobi, ake tara dubban mutane fili ɗaya kwana da kwanaki su watse lafiya. Abin da aka iya yi wa ƴan kokowa, ana iya yin kwatankwacinsa na yini ɗaya ga makaɗa. In an bar kowane fili a rufe har sai ɓarawo na ƙarshe ya tuba, to an ba shi abin da bai ma roƙa ba.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma ga masu karanta wannan shafi nake nufi, domin su ne masu iko da abubuwa biyun da ake bukata, wato kuɗi da sa hannu. A zaɓi lokacin bayan kaka, da hatsi ya shiga rumbu, mutane na da ɗan abin hannu. A fara da la'asar sakaliya, a tsaya don magariba da lisha, a tashi da wuri, yadda na ƙauye zai kwana gidan dangi ya koma da safe. A yi shi a fili buɗaɗɗe cikin gari, da fitilu isassu, da gefen mata da yara, ba giya, ba kuɗin shiga. Kafin a buga ko da takarda ɗaya, a je fadar Sarkin Gobir a Tsibiri, a zauna da limamai, a ji sharuɗɗansu, a kuma riƙe su. Perefe da masu riƙon kominoni su ba da izini a rubuce, su tsara tsaro tare da jandarmomi da ƴan garda. Alhazai kuwa su ɗauki nauyin injin wuta da mansa, da hayar lasifikoki, da motar makaɗa. In ƴan kasuwa goma suka raba wannan, kason kowa ba zai kai abin da yake kashewa a bikin ɗiya ɗaya ba. Kuma kuɗin ba ɓata za su yi ba: mai tsire da mai ƙosai da mai shayi da ɗan kabu-kabu da tela duk za su samu, su kuma a kantunanku suke saye.

Game da makaɗa, ba sai an jira wanda ke yawon Turai ba, ko da yake in an gayyato masu gitar daga Tawa ko Agadas ko Yamai zai yi kyau yaranmu su ga abin da idonsu. A fara da na gida: mai gurmi, mai kalangu, masu kiɗan noma, da samarin da ke naɗar waƙa cikin ƙananan ɗakuna a Maraɗi ba su taɓa tsayawa gaban mutum ɗari ba. A kuma aika wa baƙinmu da aka zaunar a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Sun fito daga ƙasar da ta haifi Ɗan Anace da Narambaɗa, kuma babu shakka cikinsu akwai masu hannu da masu murya. Shekaru ke nan muna ganinsu a layin rabon abinci. Ya kamata a ce sau ɗaya mun gan su a tsakiyar fili, mu muna tafi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan aiki yana bukatar ɗan kasuwa ɗaya da zai fara cewa ga nawa, da ma'aikaci ɗaya da zai ɗauki takardar ya bi ta ofis-ofis har a sa mata hannu, ba ya ajiye ta cikin durowa ba. Kaka ba ta da nisa. Wanda ya shirya farawa, ya rubuto wa wannan shafi, za mu buga sunan garin da ranar da aka tsayar, don na nesa su samu labari.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.